Gwiwata da Lagwanin Bature

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau na fara atisaye da Fawanis. Ƙaramin kulob ne a unguwar Shubra, fili ɗaya, famfo ɗaya, ɗakin canja kaya sai warin man zafi da jiƙaƙƙen safa. Ba don irinsa na baro Jos ba, amma tun da dillalin da ya kawo ni Masar ya kashe wayarsa, su kaɗai ne suka ce in shigo. Kocin, Kaftin Osama, ya dube ni sama da ƙasa kamar mai tayin rago, ya ce gurbin baƙo ɗaya ya rage musu, a Janairu za a buɗe rajista. In na burge su, su ɗauke ni, su yi mini iƙama, takardar zaman ƙasa. In ban burge ba, ma'alish, wato sai haƙuri.

Iƙamata ta mutu tun bara. Ina raɓe ne a ɗakin Habu a unguwar Hay el-Sabi'. Ɗalibin Azhar ne, ɗan Zariya, a masallaci muka haɗu ya tausaya mini. Da na ba shi labari ya ce, "To Ja'afar, Allah ya sa alheri, amma dai ka san ƙwallo lahwu ce." Ka ji mutum! In ana nuna wasa a shagon shayi na ƙasa, har hawa na huɗu ake jin ihunsa.

Shekarata ashirin da bakwai. Ta gaskiya nake nufi, ba ta fasfo ba. Wannan ce damar ƙarshe, na sani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

A bangon ɗakin canja kaya akwai tsohon hoton wani Bature mai gashin baki, wandonsa har gwiwa, ya rungume ƙwallo mai ɗinki. Kowane ɗan wasa sai ya shafi gilashin kafin ya fita fili, har wurin ya dushe. Ni ban shafa ba, ina ruwana da shafar hoto. Amm Hasan mai tausa, wani gajeren tsoho mai hannu kamar ice, shi ya tsare ni da labarin, ni da Larabcina na kasuwa ina tsinta.

Sunansa Thomas Rudwell, su dai Hawaga suke ce masa, wato Bature. Wai a wani garin masaƙu na arewacin Ingila ya fara wasa, abin bai riƙe shi ba, sai kamfanin fitilun titi na nan ya ɗauko shi tun kafin yaƙin duniya na farko. Da rana ya duba fitilu, da yamma ya buga wa ƙungiyar ma'aikata. Daga nan sunan Fawanis ya samo asali, fitilu ke nan. A wani wasan kofi da sojojin Ingila, 'yan ƙasarsa fa, gwiwarsa ta goce tun wasa bai je ko'ina ba. Lokacin ba a canjin ɗan wasa. Sai ya shiga rumbun kamfani, ya ciro lagwanin fitila mai faɗi, ya jiƙa shi, ya naɗe gwiwar, ya dawo ya ci biyu.

Amm Hasan yana faɗa idonsa na ƙyalli kamar a gabansa aka yi. Wallahi labarin ya shige ni. Baƙo ne kamar ni, ɗan gaba kamar ni. A mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ina ta tunaninsa har na iso gida.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Matata Khairat ta turo bidiyo. 'Yarmu Nana Fatima ta fara tafiya, tana dafa kujera. Ban taɓa riƙe 'yar nan a hannuna ba. Na kalla har waya ta mutu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na ci uku a atisaye. Kaftin ya ce "tamam", wato ya yi, bai ƙara komai ba. Ni kuwa na taho gida kamar an ba ni kujerar Makka.

Talata, 19 ga Nuwamba

Babu wanda ya taɓa ni. Shi ne abin haushin. Na juya zan ɗauki ƙwallo, ƙafar dama ta tsaya a ciyawa, jiki ya tafi, sai na ji ƙas! a cikin gwiwa. Na sunkuya na yi kamar igiyar takalmi nake ɗaurewa. Saura kaɗan a tashi, sai na yi ta maza na ƙarasa.

Ban gaya wa kowa ba. Baƙon da ke kan gwaji ba ya ciwo.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ta kumbura suntum. Na tura wa Kaftin saƙo cewa mura ce.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Habu ya ja ni asibiti kamar akuya. An ɗauki hoton gwiwar a wannan injin mai ƙara. Likitar, Dakta Dalia, ta ɗaga hoton tana nuna mini da biro. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta yage, amma ba ta tsinke ba, saura 'yan zare. Ta ce in na huta wata biyu zuwa uku, na yi motsin da za ta koya mini, mai yiwuwa ta riƙe. In na sake murɗe ta, ta tafi, sai tiyata, sai shekara, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Na ce mata Janairu fa. Ta ce, "Gwiwa ba ta san Janairu ba."

Ita da sauƙi a bakinta. Tana da kujera, tana da na'urar ɗumama ɗaki, tana da ƙasa. A hanya Habu ya fara, "Ai ƙaddara..." na ce masa don Allah ya yi mini shiru. Ya yi. Ya saya mini ful da ta'amiyya, wakensu da ƙosansu, na kasa ci.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na koma fili. Na ɗauka na iya ɓoyewa, ashe a wurin Amm Hasan tsirara nake. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ja ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya matsa nan, ya ja can, na ciji leɓe. Bai tambaye ni ko na ga likita ba. Ya ce, "Kana so ka buga?" Na ce ina so. Ya ce, "To ɗaurin Hawaga."

Ashe ba labari ba ne kawai, har yau suna yi. Ya buɗe wani tsohon gwangwani, ga lagwani nan naɗe, faɗinsa kamar yatsu uku, wai shago ɗaya ya rage da ke sayar da irinsa. Ya jiƙa shi a ruwan gishiri da kal, wato ruwan tsami. Ya sa na ɗan lanƙwasa ƙafar, ya fara naɗewa daga ƙasan gwiwa, ya gitta ta baya, ya hau sama, ya sake gittawa, yana ja da ƙarfinsa duka. Yana bushewa yana ƙara matsewa. Kafin a busa usur ba na jin gwiwar ko kaɗan, kamar ta wani aka ara mini.

Dokokinsa biyu ne. Ba a yanka shi da almakashi, sai dai a warware. Kuma koci ba ya sani, tsakanin mai tausa da ɗan wasa ne tun zamanin Hawaga. Wai mahaifinsa ne ya koya masa, shi kuma wurin wanda ya ga Baturen da idonsa.

Da zan fita na shafi hoton. Astagfirullah. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ina gudu! Wallahi ina gudu, ina juyi, yau har da bugun ka. Sai an warware ne ake gane kurenta. Jini ya dawo, zafi ya taho gaba ɗaya, na cusa tawul a baki. Amm Hasan yana shafa kaina yana cewa "ragil, ragil", wai namiji.

Benen nan namu ba lif. Da dabara nake hawa, ina tsayawa a kowane hawa kamar mai duba waya.

Talata, 3 ga Disamba

Ba na iya zaman tahiya. Habu ya ce in miƙe ƙafar, shari'a ta yi rangwame, har ya kawo mini sunan littafi da babi. Sai kuma ya ce, "Wannan na salla ne. Na cutar da kai kuwa babu rangwame, Malam Ja'afar." In ya ce mini Malam, to faɗa yake nema. 

Sanyin garin nan yana shiga ƙashi.

Talata, 10 ga Disamba

Cinyar dama ta fara ramewa. Na gwada da igiyar caja, ta fi ta hagu siranta. Na daina gwadawa.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yau Ranar Hawaga. Duk shekara suna yi bayan sallar Juma'a, a ɗan buga wasa, shugaban kulob ya yi jawabi, a raba lemo. Suna ɗauko jikar Baturen a mota su zaunar da ita a gaba, su miƙa mata kwalin alawa, a ɗauki hoto. Hajiya Nuha sunanta, tsohuwa ce siririya cikin baƙin mayafi, idonta kalar toka. Duk jawabin nan ko murmushi ba ta yi ba.

Bayan an tashi an warware mini, na fito ina bin bango, na ɗauka kowa ya watse. Ashe tana bakin ƙofa tana jiran mota. Ta bi ƙafata da kallo, ba fuskata ba. Ta ce, "Zo nan, ya ibni, ɗana. Hasan ne ya ɗaure ka?" Na ce ni lafiyata lau. Ta ce, "Da wannan tafiyar na tashi a gidanmu, kada ka yi mini ƙarya." Ta kwatanta mini gidanta, bayan cocin da ke kusa da kasuwar kifi, ta ce in zo shan shayi.

Ba zan je ba. Me za ta gaya mini?

Litinin, 16 ga Disamba

Na je.

Ɗaki biyu ne a hawa na ƙasa, da kyanwa, da hotunan jikoki. Babu hoton ƙwallo ko ɗaya. Ta zuba mini shayi mai na'ana'a, ta tura mini wani ɗan akwatin katako ta ce in ɗora ƙafar. Na ɗora, don gaskiya ta fi daɗi a haka. Sai ta ce na kakanta ne, a kansa ya yi rabin rayuwarsa. Kamar in janye, kunya ta hana.

Giddi Tuma take ce masa, wato kakana Thomas. Tana 'yar shekara goma ya rasu, ta san shi sarai. Ta ce labarin kofin gaskiya ne, ya ci biyun. Amma kulob a nan suke tsayawa, su tafa, su sha lemo. Ba sa faɗin cewa washegari ma ya ɗaure, da mako mai zuwa, da duk kakar wasan. Don kamfanin ba don fitilu suke riƙe da shi ba, masu duba fitila sun yi musu yawa. Ya san ranar da ya ce ba zai iya ba, ranar za a nuna masa ƙofa. Ya yi ta ɗaurewa har gwiwar ta sanƙare, ƙafar ta miƙe kamar taɓarya, ba ta sake lanƙwasawa ba. Sai aka nuna masa ƙofar.

Na ce bai koma gida ba? Ta girgiza kai. Wai sau ɗaya ya je har tashar jirgin ruwa a Iskandariya da akwatinsa, ya dawo. Ya ce da gudu mutanen garinsu suka san shi, ba zai sauka a gabansu yana jan ƙafa ba. Uwarsa ta mutu bai gan ta ba. Ya musulunta, ya auri 'yar wani kafinta a nan Shubra, ya zauna bakin ƙofa yana gyaran risho har ƙarshen ransa. Turancinsa ma ya gudu, sai in ya ƙone yatsa yake tunawa da shi.

Ya hana a ambaci ƙwallo a gidan. Amma ranar da Fawanis ke wasa sai ya ce zafi ya dame shi, a buɗe taga, ko da tsakiyar hunturu ne. Ihun fili yake son ji. Ta ce su yara sun gane, sai su yi tsit.

Na tambaye ta me ya sa take zuwa bikin nan. Ta ce, "Don in ga wa aka ɗaure bana." Ta ce ta gaya wa da yawa kafin ni. Na ce sun ji? Ta ɗauki kofuna ta shiga kicin.

 Na so a ce ban je ba. Da ina da Bature mai cin biyu, yanzu ina da mai gyaran risho.

Talata, 17 ga Disamba

Na tare Amm Hasan. Na ce ya san yadda Hawaga ya ƙare? Ya ce kowa ya sani. Kowa! Na ce to don me? Ya ce shi bai taɓa kama wani da ƙarfi ba, tambaya yake yi, kana so ka buga, mutum ya ce yana so. Ya ce akwai waɗanda ɗaurin nan ya kai su manyan kulob. Na ce sauran fa, ina suke? Ya ci gaba da jiƙa lagwaninsa.

Na zazzage masa duk abin da ke bakina, rabi da Larabci rabi da Hausa. Ya bari na gama. Sai ya ce, "Yalla, maza, an kusa busa usur. A ɗaura ko a bari?"

Na miƙa ƙafar. Kaico.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na yi niyyar gaya wa Kaftin yau. Har na shirya maganar a jirgin ƙasa na metro, na maimaita. Ina isa na tarar da sabon ɗan gwaji, dogo, ɗan Kwaddibuwa, ɗanye shakaf, yana tsalle kamar ba shi da ƙashi. Gurbi ɗaya, mu biyu.

Kaftin ya ce, "Ja'afar, akwai magana?" Na ce gaisuwa ce kawai.

Alhamis, 26 ga Disamba

Babu abin rubutawa. Ɗauri, gudu, warwara, tawul a baki.

Asabar, 28 ga Disamba

Gwiwar ta fara maƙalewa da safe. Sai na lallaɓa ta da ruwan zafi kafin ta yarda ta lanƙwasa. Ina yi ina tuna akwatin katakon nan.

Ina jin haushin Baturen nan, mutumin da ya mutu tun ba a haifi babana ba. Da ya zauna a gefen fili ranar nan ya bar sojoji suka ci kofinsu, da babu wanda ya san lagwani yana da wani aiki ban da fitila. Sai kuma in ce, to da ni ne fa? Ga jama'a na ihu, ga 'yan ƙasarka da suka raina ka a gabanka. Ni ma rumbun zan shiga.

Talata, 31 ga Disamba

Khairat ta kira. Ta ce muryata ta canza. Na ce sanyi ne. Ta ce ta fara koya wa Nana "yalla" don kada ta zo Masar ta zama baƙauyiya, tana dariya. Ta tambaya ko gidan da za mu kama zai sami baranda. Na ce zai samu.

Yarinyar nan ta yarda da ni fiye da yadda na cancanta. Abin duniya ya ishe ni.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Kaftin ya sanar. Ranar Asabar akwai wasan sada zumunta, shugabanni za su zo kallo. Ni zan fara, ɗan Kwaddibuwa ya shigo daga baya. Bayan nan za su yanke.

Juma'a, 10 ga Janairu

Habu bai yi mini wa'azi ba yau, shi ya fi tayar mini da hankali. Muna dawowa daga masallaci ya rage tafiya don in kamo shi, ya ce, "Ɗan'uwa, ka bari in je in yi wa kocin nan bayani da Larabci mai kyau. Ba roƙo ba, bayani." Na ce in ya kuskura, ni da shi har abada. Ya ce, "Ka zauna a ɗakin nan shekara goma in kana so, ba zan gaji ba. Amma ka zauna da ƙafarka."

Na kusa yin kuka a bakin titi. Na ce masa wasa ɗaya ne, daga shi in na sa hannu sai in faɗi gaskiya, su yi mini magani. Ya ce haka na ce a Nuwamba.

Ban ce ba. Ko na ce?

Asabar, 11 ga Janairu

Gwiwar ta tafi.

Talata, 14 ga Janairu

Bari in rubuta, ko na huta da maimaita shi a kaina.

Amm Hasan ya ɗaure ta fiye da kullum, har yatsun ƙafata suka yi sanyi. Na fita. Wallahi tun da nake ban taɓa buga irin wannan ƙwallo ba. Komai na taɓa sai ya tafi daidai. Na ci ɗaya da ƙafar hagu, na ba da ɗaya aka ci. Ina jin 'yan kallo suna kiran sunana da irin bakinsu, Ga'afar, Ga'afar. Na hango shugaban kulob ya miƙe tsaye.

An kusa tafiya hutun rabin lokaci, aka ɗago mini wata ƙwallo ta banza, wadda ko na bar ta ba wanda zai ce uffan. Na yi tsalle. Na sauka a kan ta dama. Wannan karon ba ƙas na ji ba, ji na yi ƙasan ƙafar ya tafi gabas, ni na tafi yamma. Ko zafi ban ji ba da farko, saboda ɗaurin. Na yunƙura zan tashi, babu abin takawa.

Suka kai ni ɗakin tausa. Gwiwar tana kumbura a ƙarƙashin lagwanin, yana nitsewa cikin nama. Na ce ya yanka. Ya ce ba a yankawa. Na ce ya yanka don girman Allah! Tsohon nan ya durƙusa yana laluben bakin zaren, yana "sabr, sabr", wai haƙuri. Ina ihu. A haka Kaftin ya turo ƙofa ya gan mu. Shi ya ɗauki almakashi daga kan tebur ya yanke shi. Amm Hasan ya tattara guntayen ya rungume, kamar shi aka yi wa rauni.

Dakta Dalia ba ta ce "ai na gaya maka" ba. Da ta faɗa ma da na ji sauƙi. Jijiyar ta tsinke, ta tafi da guringuntsi. Ta ce tiyata za ta sa in yi tafiya kamar mutane. Na ce ƙwallo fa? Ta ce mu fara da tafiya.

Juma'a, 17 ga Janairu

Kaftin Osama ya zo har ɗaki, ya hau benen nan da ledar lemo. Ya zauna a katifar Habu ya rasa inda zai sa ido. Ya ce tun yaushe? Na ce tun Nuwamba. Ya dafe kai.

Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Tun makonka na biyu na kai sunanka. Da ka faɗa, da na sa ka a rajista ka huta har Maris."

Ban sani ba ko gaskiya ce, ko irin maganar da ake yi wa mai jinya. Na dube shi ina neman alamar ƙarya a fuskarsa, wallahi nema nake, ban samu ba. Habu ya tashi ya fita baranda.

Ya ce shi ma an taɓa ɗaure masa idon sawu yana saurayi, ya ɗauka abin ya mutu tuntuni. Ya ce zai yi magana. Wa zai yi wa? Shugaban da ke jawabi a ƙarƙashin hoton?

Litinin, 20 ga Janairu

Habu ya aro mini sanda a wurin wani Basudane a unguwar Ainu Shams. Tana jingine a bayan ƙofa. Ba na kallonta.

Asabar, 25 ga Janairu

Khairat ta sani. Habu ne ya gaya mata, bai ma musa ba, ya ce in ga dama in yi fushi. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Da ta kira, ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Baban Nana, ni ba ƙafa na aura ba. Ka dawo ko da rarrafe."

Na ce ba ta gane ba. Duk Anguwar Rogo sun raka ni tasha, har da masu ganga. Yaran layinmu suna sa sunana a bayan riga da alli. In sauka da sanda?

Ina rufe baki na ji maganar wa na yi. Har da muryar tsohuwar nan na ji ta a kunnena. Na kashe wayar na juya bango.

Laraba, 29 ga Janairu

Ban fita ba. Ban yi wanka ba. Yara suna buga ƙwallo a lungu, na ja bargo na rufe kai.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na je asibiti ni kaɗai, Habu yana da jarrabawa. Da sandar na je, ba yadda zan yi. A metro an cika maƙil. Wani saurayi, ba zai fi ni da komai ba in ma bai girme ni ba, ya miƙe ya ce, "Itfaddal ya ammu," wai bismillah, zauna, baffa. Ammu! Ni! Da a watan jiya ne da sai an raba mu. Na zauna. Har na gode masa. Kujerar kuwa da daɗi.

Dakta ta ce ba dole sai a nan za a yi tiyatar ba, a Najeriya ma ana yi, za ta rubuta mini bayanin da zan kai. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. To, wataƙila na ɗan tambaya.

Sai da na dawo ina cire takalmi na tuna shekaranjiya aka rufe rajista. Ranar ta zo ta wuce ina kwance, ban ko tuna ba. Na zauna ina jiran zuciyata ta yi wani abu. Ba ta yi ba. Yunwa ma na ji, na cinye sauran shinkafar Habu.

Da ya dawo na tambaye shi yadda wanda iƙamarsa ta mutu yake yi in zai fita ƙasar, wane ofis ake fara zuwa. Na ce masa tambaya ce kawai, kada ya ɗauke ta wani abu. Ya ce to. Yana ninke jallabiyarsa bai ko dube ni ba, ya ce gobe bayan azahar ba shi da lacca.

Ban ce a'a ba.